Akwatin Saƙon da Ba Ya Karɓar Ado

Duk wanda ya taɓa buɗe shafin intanet a waya don biyan kuɗin jarrabawa, ko cike fom ɗin neman aiki, ko tura kuɗi gida, ya san ƙaramin akwatin nan da ke faɗowa tsakiyar fuskar waya ya tsayar da komai har sai an ba shi amsa. Fili ne da rubutu tsirara, sai maɓalli ɗaya ko biyu a ƙasa. Matasan da ke koyon gina shafuka a Sakkwato da Kano da Maraɗi kusan dukansu sukan ci karo da tambaya guda tun a darussan farko: yaya za a kaurara wata kalma a cikin akwatin, ko a yi mata jan launi, ko a sa tambarin kamfani a samansa? Amsar ita ce ba a iyawa, kuma ba mantuwa aka yi ba. Matsayina a wannan sharhi shi ne hanin nan alheri ne ga mai karatu, musamman irin mutumin Turba da sauran garuruwan Isa da Sabon Birni, wanda wayarsa ƙarama ce, sabis ɗinsa na zuwa yana ɗaukewa, kuɗin da ke hannunsa kuma ba su da madadi. Tsarin da saƙon ke bukata yana cikin zaɓen kalmomi da jerinsu da yadda aka rubuta lambobi da haruffa, kuma a nan ne aka fi yin sakaci.

Akwatin ya girmi mafi yawan masu amfani da shi a yau. A 1995 Brendan Eich ya ƙirƙiro harshen JavaScript a kamfanin Netscape na Amurka, kuma tun a wancan zamani aka ba shafuka umarni uku na yi wa mai karatu magana kai tsaye. Na farko, alert, sanarwa ce kawai da maɓallin amincewa. Na biyu, confirm, tambaya ce mai amsa biyu, a ci gaba ko a fasa. Na uku, prompt, yana buɗe gurbi a rubuta wani abu. Dukansu ba shafin ne ke zana su ba. Burauzar ce ke zanawa, wato Chrome ko Firefox ko Safari ko Opera, shafin kuwa jerin haruffa kawai yake miƙa mata. Shi ya sa idan maginin shafi ya sa alamar kaurara rubutu ta HTML, alamar ce za ta fito tsirararta tare da kalmar. Idan ya kewaye kalma da taurari kamar yadda ake yi a WhatsApp, taurarin zai gani. Abin da ya rage a hannunsa kaɗan ne: zai iya karya layi da alamar \n, ya bar layi fanko tsakanin magana da magana, ya zaɓi abin da zai fara da shi. Ko jera lambobi a tsaye da tazara ba ya tsayawa daidai, domin haruffan ba faɗi ɗaya ne da su ba, kuma ƙa'idar HTML ta yarje wa burauza ta datse saƙon da ya cika tsawo.

Dalilin wannan tsauri yana fitowa fili idan aka dubi wanda ke amfana da sassauci. A kasuwar hatsi, abin da ke cikin tiya na mai kaya ne, amma girman tiyar ba shi ke yanke shi ba, domin ranar da aka bar kowa ya ƙera tasa, awo ya tashi daga aiki. Maganar da ke cikin akwatin ta shafin ce, siffar akwatin kuwa ta burauza ce, kuma yawanci burauzar takan rubuta adireshin shafin da ke magana a samansa, abin da shafin ba ya iya gogewa. Da an bar shafuka su yi wa akwatin ado, da na farkon cin moriya su ne 'yan damfara, su mai da shi kamar saƙon banki ko gargaɗin kamfanin waya. Tarihin burauzoji ya nuna galibi rage wa shafuka iko ake yi a nan. An ƙara wurin da mai karatu zai danna ya hana shafi ci gaba da jefo masa akwatuna bayan ya dame shi. A 2016 Chrome na 51 ya daina nuna kalaman da shafi ke rubutawa lokacin da mutum zai fita daga cikinsa, saboda ana amfani da su wajen tsorata mutane su zauna. A watan Yulin 2021 Chrome na 92 ya hana shafin da aka cusa cikin wani shafi daga wani gida daban buɗe waɗannan akwatuna, sai dai cikin 'yan makonni Google ta janye matakin, domin manhajojin aiki da yawa sun tsaya cak. Janyewar ma hujja ce: tsohon akwatin na ɗauke da nauyin da ba a san yawansa ba sai da aka taɓa shi.

Kada a ɗauka wannan kariya ta cika. Shafin ƙarya na iya rubuta duk abin da ya ga dama a cikin akwatin gaskiya: wayarka ta kamu da cuta, ka ci kyautar data, an zaɓe ka cikin masu samun tallafi, tura wa mutum goma kafin ka karɓa. Irin waɗannan na yawo a rukunonin WhatsApp na Arewa, kuma sun fi kama wanda ke cikin matsi, kamar iyalan da rashin tsaro ya raba da gonakinsu. Abin da tsiraicin akwatin ke bayarwa abu ɗaya ne: ƙarya ba ta samun rigar da za ta sa, kuma adireshin mai maganar na nan a sama ga wanda aka koya wa dubawa. Saboda haka darasin da ya kamata masu shagunan kwamfuta da malaman makarantu su riƙa bayarwa gajere ne: a karanta layin sama kafin na tsakiya, kuma duk akwatin da ya nemi lambar sirrin kati ko ta asusu a rufe shi. Maginin shafi na gari shi ma kada ya taɓa neman lambar sirri ta prompt, domin abin da aka rubuta a ciki a bayyane yake ga duk wanda ke tsaye kusa, kuma yin hakan saba wa jama'a ne da ɗabi'ar da ɓarawo ke jira.

Idan ado ya haramta, ina tsarin yake? Yana farawa daga jerin magana. A ɗauki saƙon tabbatar da tura kuɗi, irin wanda ɗan kasuwar albasa ko wake zai gani kafin kuɗinsa su bar asusu. Sau da yawa akan tara komai a jimla guda mai tsawo, a fara da gaisuwa da godiya, adadin kuɗin ya nutse a tsakiya, a ƙare da tambayar da ba a san amsarta ba. Gyaran layi huɗu ne. Layin farko ya faɗi abin da zai faru da adadinsa: za ka tura naira 45,000. Na biyu ya kawo sunan mai karɓa kamar yadda banki ya nuna shi. Na uku ya faɗi kuɗin aiki. Sai layi fanko, sannan na ƙarshe ya faɗi aikin kowane maɓalli: danna OK ka tura, danna Cancel ka fasa. Wannan layin na ƙarshe wajibi ne, domin sunayen maɓallan ba a hannun shafi suke ba. Harshen wayar suke bi, don haka saƙon Hausa zai fito da maɓallan Turanci a Isa, ya fito da na Faransanci a wayar da aka saita a Maraɗi ko Tsibiri. Haka kuma a guji tambaya mai korewa. Wanda aka tambaya “ba ka son a tura?” zai iya cewa “i” yana nufin ba ya so, alhali maɓallin amincewa zai aika kuɗin. Kowace tambaya ta zama umarni biyu a fili, kowanne ɗaure da maɓallinsa.

Lambobi su ne wuri na biyu, kuma a bakin iyakar Gobir sun fi ko'ina haɗari. Tun bayan faɗuwar Alƙalawa, birnin Gobir, a 1808 Gobirawa suka rabu tsakanin garuruwan da yau wasu ke Najeriya wasu ke Nijar, amma ciniki da auratayya ba su san da layin ba, kuma naira da sefa na haɗuwa a aljihu ɗaya. Ƙasashen biyu ba iri ɗaya suke rubuta adadi ba. A Najeriya waƙafi ke raba dubbai, a rubuta 1,500 ana nufin dubu da ɗari biyar. A tsarin Faransanci da ake bi a Nijar tazara ke raba dubbai, waƙafi kuwa na gutsure ne, don haka wannan 1,500 ɗin ɗaya da rabi ne. JavaScript na da kayan tsara lambobi bisa ƙasa, amma idan magini bai faɗa masa ƙasar da yake nufi ba, saitin wayar mai karatu zai bi, sai adadi guda ya fito da fuska biyu a wayoyi biyu. Lissafin baki ma ya bambanta. A Nijar da dala ake ƙirga sefa, dala ɗaya sefa 5, har wanda ya ce ɗari yana nufin sefa 500, jika kuma sefa 1,000 ce, alhali a tsohon lissafin Najeriya jaka naira 200 ce. Ƙa'idar da ke fitowa daga nan mai sauƙi ce: a rubuta sunan kuɗin da haruffa kusa da adadin, kada a dogara ga alamar ₦ kaɗai, domin wasu tsofaffin wayoyi na nuna ta a matsayin ɗan akwati fanko. Kwanan wata ma a rubuta sunan watan, saboda 03/04 uku ga Afrilu ne a nan, huɗu ga Maris ne a Amurka.

Wuri na uku haruffan Hausa ne su kansu. Tun shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar aikin talifi a Zariya, ɓ da ɗ da ƙ suka samu gindin zama a rubutun boko, kuma Unicode, tsarin da ke bai wa kowane harafi na duniya lambarsa, ya tanade su duka tare da ƴ da ake rubutawa a Nijar. Amma saƙon tes ya koya wa mutane zubar da lanƙwasa, kuma da dalili: tes guda na ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa ƙ ko ɗ guda ɗaya sai ya koma 70, kuɗi ya ƙaru. A akwatin burauza babu wannan haraji, don haka babu uzuri. Saƙon da ya ce “an bata kudin” na iya zama an ba ta kuɗin, yana iya zama an ɓata su, kuma tsakanin ma'anonin biyu akwai rigimar da za ta iya kai iyali gaban alƙali. Sharaɗin fitowar haruffan daidai shi ne a adana fayil ɗin a tsarin UTF-8 kuma shafin ya bayyana haka, in ba haka ba kowane ƙ zai tarwatse ya zama baƙin alamomi biyu. Akwai kuma tarkon da Bahaushe ya fi Bature faɗawa: waƙafin sama. A JavaScript ana iya buɗe zance a rufe shi da wannan alama, Hausa kuwa cike take da ita, a 'yan'uwa da jama'a da sa'a da ma'aikata. Wanda ya buɗe saƙonsa da waƙafin sama guda ya rubuta “jama'a” a ciki, na'urar za ta ɗauka zancen ya ƙare a “jama”, ta ga ragowar ba ta gane shi ba, ta ƙi gudanar da rubutun gaba ɗaya, akwatin ma ba zai fito ba. Maganin shi ne a kewaye saƙon da alamar zance mai ƙafa biyu, ko a sa \ gaban kowane waƙafin sama, ko a yi amfani da karkatacciyar alamar ` da aka shigo da ita a bugun harshen na 2015, wadda ke karɓar karyewar layi kai tsaye.

Masu neman hanyar bayan gida sun gano wata dabara: a Unicode akwai haruffan lissafi masu kama da kaurarren rubutu, kuma ana iya kwafo su a liƙa a akwatin. Dabarar ba ta yi wa Hausa aiki. An tanadi waɗannan haruffa ne don masana lissafi, babu ɓ ko ɗ ko ƙ a cikinsu, don haka kalmar “kuɗi” za ta fito da haruffa uku masu kauri da ɗaya siriri a tsakiya. Manhajar da ke karanta wa makafi rubutu takan tsallake su ko ta kira su ɗaya-ɗaya da sunayen lissafi, tsohuwar waya kuma ta nuna jerin akwatuna. Ajami na da tasa matsalar: a cikin shafi ana iya faɗa wa burauza cewa rubutu daga dama yake farawa, amma a wannan akwati ita ke hasashe, kuma idan lambobi da haruffan boko suka cakuɗu da ajami a layi ɗaya jerinsu na iya rikicewa. Mafita a nan ma ta tsari ce, kowane nau'in rubutu ya zauna a layinsa.

Ƙorafi mafi ƙarfi a kan duk wannan shi ne na karatu. Za a ce a yankin da mutane da yawa ba su yi nisa a boko ba, jan launi da alamar gargaɗi da babban rubutu sun fi jimla isar da saƙo, don haka hana ado zalunci ne ga wanda ya fi bukatarsa. Ƙorafin na da gaskiya a cikinsa, amma ya manta yadda irin wannan mutum ke karɓar saƙo a zahiri. Tsohon da bai iya karatu ba miƙa wayar yake yi ga ɗansa ko ga mai POS ya ce a karanta masa. Abin da ke isa kunnensa kalmomi ne a jerin da aka rubuta su. Launi ba ya bin murya. Idan adadin kuɗi ne ya fara zuwa, shi zai fara ji. Idan an binne shi ƙarƙashin gaisuwa, mai karantawa cikin gaggawa, da layin mutane a bayansa, zai ce “ka danna kawai”. Kuma jan launi da alamar tsoro su ne kayan aikin farko na shafukan damfara. Mutumin da aka saba masa da cewa duk abin da ya yi ja gaskiya ne mai gaggawa, an riga an yi wa mai damfara rabin aiki.

Ƙorafi na biyu daga ƙwararru yake zuwa: akwatin ya tsufa, yana daskarar da shafi har sai an amsa, kuma yanzu akwai dialog, akwatin da shafi ke ginawa da kansa, wanda tun watan Maris na 2022 Firefox da Safari suka bi sahun Chrome wajen karɓarsa. Wannan haka yake, kuma a wurare da yawa shi ya fi dacewa, ko don a samu maɓallan da aka rubuta “Tura” da “Fasa” a kansu. Sai dai wanda ya gina akwatinsa ya ɗauki nauyin da burauza ke ɗauke masa. Dole ya tabbatar yana buɗewa a Itel ko Tecno ta hannu da ba a sabunta burauzarta ba shekara da shekaru, da kuma a Opera Mini, wadda a yanayin tsimin data kwamfutocin kamfanin ne ke sarrafa shafin kafin ya iso waya, ba kowane rubutun umarni ke gudana yadda aka tsara ba. Idan ya jingina da manyan kayan ado da ake saukowa daga waje, sabis mai rauni zai iya kawo shafin ya bar akwatin a hanya, mutum ya danna bai ga komai ba, ya sake dannawa, kuɗi su fita sau biyu. Idan kuma ya zuba sunan da wani ya rubuta cikin akwatin a matsayin HTML ba tare da tacewa ba, ya buɗe ƙofar da ake cusa mugun umarni a shafi, abin da tsohon akwatin ba ya yarda da shi tunda komai rubutu ne a wurinsa. Don haka ko za a yi amfani da sabon, a fara rubuta saƙon tsirara a gwada shi a kan wanda bai san shafin ba. Saƙon da bai fahimtu haka ba, launi ba zai cece shi ba.

Ƙorafi na uku shi ne a ce mutanen Isa da Sabon Birni na fama da abin da ya fi wannan nesa ba kusa ba, ina ruwansu da karyewar layi? Amsar tana cikin abin da yankin ya gani. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga, har da waɗannan biyu, kuma a lokacin aka ga yawan harkokin da suka riga suka koma cikin waya. A farkon 2023 ƙarancin takardun naira ya tura har masu ƙananan sana'o'i ga tiransifa. Inda hanya ba ta da aminci kuma reshen banki ya yi nisa, wayar ce ke kai kuɗin magani da na makaranta da taimakon 'yan'uwan da ke Sakkwato ko Legas ko waɗanda suka tsallaka iyaka zuwa Gidan Rumji. Kuskuren da mazaunin birni zai gyara da tafiyar minti goma zuwa banki, ga mutumin ƙauye tafiyar yini ce a kan hanyar da ake tsoro. Gwargwadon wahalar gyara kuskure, gwargwadon nauyin layukan da ke gabansa kafin ya danna.

Abin da ya kamata ya canza shi ne wanda ake bai wa aikin rubuta waɗannan saƙonni da lokacin da ake rubuta su. A yau maginin shafi ne ke ƙirƙiro su a gurguje bayan ya gama komai, da Turanci, in an yi sa'a a ba na'ura ta juya su Hausa ba tare da wani ya duba ba. Bankuna da kamfanonin tura kuɗi da hukumomin jarrabawa da ƙungiyoyin agaji masu aiki a gabashin Sakkwato na da halin ɗaukar mutanen da suka iya Hausar kasuwa da ta rubutu, su zauna da magina tun farko, su gwada kowane saƙo da babbar murya a gaban masu ciniki, a kan wayar da aka fi riƙewa a yankin. Cibiyoyin koyar da kwamfuta su ma su sa wannan cikin darasi, kusa da darasin umarni uku na farko, ta yadda ɗalibin da ya tambayi yadda ake kaurara kalma zai tashi da sanin abin da zai fara faɗa, da sunan kuɗin da zai rubuta, da aikin da kowane maɓalli zai yi.